Darasi na 9: Abin da Gawo da Shamuwa ke Faɗa

A wani ajin yaƙi da jahilci da na koyar a ƙauye, gardama ta taɓa sarƙewa tsakanin dattawa biyu tun kafin a buɗe littafi. Na farko ya ce shamuwa ta daina zuwa da wuri irin na zamanin ƙuruciyarsu. Na biyu ya ce sam, lokacinta yana nan yadda yake, yawanta ne ya ragu tun ranar da aka sare tsamiyar bakin kasuwa inda take sheƙa. Kowa ya tsaya kan bakansa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka juyo kaina.

"Malam, kai ne mai takarda. Raba mu."

Na ce, "Baba, ai ku kuka ga shekarun nan, ni ban gan su ba. A cikinku akwai wanda ya taɓa rubuta ranar da ta sauka, ko da ta shekara ɗaya?"

Aka yi tsit. Ajin nan cike yake da manoma da makiyaya da masunta, mutanen da suka san dajin garinsu kamar yunwar cikinsu, amma babu mai shaidar da zai ajiye a gaban ɗan'uwansa. Abin ya tsaya mini a rai, don na tabbata ɗayansu yana da gaskiya, wataƙila ma su duka biyun, kuma in ba a rubuta ba, da su gaskiyar za ta tafi.

Daga wannan shirun darasin yau ya fito. Sanin daji naku ne tun kafin ku zo aji. Abin da za mu ƙara a kai shi ne alƙalami: mutum ya zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, fadama ce ko bakin kogi, kurmi ne ko gindin dutse, ya riƙa komawa yana dubawa, yana rubuta abin da ya gani da ranar da ya gan shi.

Shekara da iskokinta

Bahaushe ya kasa shekara huɗu: bazara, damina, kaka da hunturu, wanda wasu ke ce wa ɗari. Rani kuwa suna ne da ya haɗe duk watannin da ba a ruwa. A tsakiyar damina akwai marka, kwanakin da sama ke yini tana zuba ba a ganin rana, galibi cikin watan Agusta. A ƙarshenta akwai agazari, zafin nan mai nuna hatsi.

Iska biyu ce ke juya waɗannan lokuta. Ɗaya tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima. Ɗayar tana zuwa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, busasshiya ƙayau. Inda suka yi karo yana matsowa arewa sannu a hankali tun daga bazara, ya kai iyakarsa wajen watan Agusta, sannan ya juya. Shi ya sa damina ke sauka a Zariya kafin Kano, a Kano kafin Damagaram, kuma in za ta ɗauke, Damagaram take fara bari. Ƙurar da ke rufe mana gari da hunturu ma tana da tushe: mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe tun zamanin da.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a gane kafin a fara rubutu. Shekarar watannin Musulunci kwana 354 ce, ta rana kuwa 365. Saboda haka watanninmu na ibada suna matsowa gaba da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, har azumin da aka yi cikin zafin bazara a wayi gari ana yin sa cikin sanyin hunturu. Itace da tsuntsu rana suke bi. Magabata sun san haka, shi ya sa malamai ke yi wa manoma lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13, ɗaya da 14, aka sami 365 cif. Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, waɗanda tsofaffi ke ambata in ana maganar damina, daga cikin wannan lissafi suke. A littafinku, ku rubuta kwanan wata na kalandar rana, Mayu ko Yuni, don shi ne zai ba ku damar gwada bana da bara. Wanda ya san tauraron da ake ciki ya ƙara shi a gefe.

Gawo

Da za a ce in zaɓar muku itace ɗaya da za ku fara da shi, gawo zan zaɓa, don babu itacen da ke nuna juyawar shekara a fili kamarsa. Galibin itatuwan daji damina suke jira su yi ganye. Gawo kuwa da ruwa ya sauka sai ya zubar da nasa, ya tsaya fayau a tsakiyar gona kamar ya mutu, gero na tashi kore shar a ƙarƙashinsa. Sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, sannan ya tofo. Ya yi fure mai ruwan madara da ƙudan zuma ke rububi, kafin ƙarshen hunturu 'ya'yansa sun nuna, lanƙwasassu, ja-ja-ja.

Saiwarsa ce ke ba shi wannan dama. Tana nutsawa ƙasa ƙwarai har ta cimma ruwan da ke can ciki, don haka rani bai dame shi ba. Amfanin da manomi ke samu kuwa ya zo ta hanya uku. Ganyen da ya zubar a farkon damina taki ne, ya faɗo daidai lokacin da shuka ke bukata. Rashin ganye ya sa ba ya tare wa hatsi rana. Da rani kuma, inuwarsa na cikin 'yan kaɗan masu kauri a fili, sai dabbobi su taru a gindinsa su yini, su bar kashi da fitsari. Ban da wannan, a saiwoyinsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda ke saiwar wake da gyaɗa, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Duk manomin da ya taɓa gwada zangarniyar gindin gawo da ta tsakar fili ya ga bambancin da idonsa.

Ku je gindin gawo da rana tsaka cikin watan Fabrairu ku zauna shiru. Awaki na kwance suna tuƙa, ido a lumshe. Iska ta ɗan kaɗa, ɗan gawo ɗaya ya faɗo, ƙwas, a kan busasshiyar ƙasa. Kafin ka ƙifta ido akuya uku sun miƙe sun yi kansa, wadda ta riga ta cafke tana gurzarsa. Sauran su koma su kwanta, kunne a sama. Yara kuma ga su can da doguwar gora mai ƙugiya suna kaɗo wa na turke, wasu har buhu suke cikawa su kai kasuwa. A watannin da ciyawa ta ƙare, wannan itace shi ke riƙe da ran dabbobi da yawa.

Sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan sare gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma ga barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa a gonakinsu, suna rage shi, suna barin ƙarfafa biyu ko uku su girma. Sassabin zamani ake kiran wannan aiki. An ƙiyasta cewa ya maido da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a kudancin Damagaram gawo ne ya fi yawa a cikinsu. Ba dashe aka yi ba, lura aka yi da abin da ƙasa ke son fitarwa.

Ga gawon da kuka zaɓa, ku rubuta ranar da ganye ya fara zuba, ranar da ya ƙare, ranar sabon toho, ranar fure, da ranar da ɗan farko ya faɗo. Ku kuma rubuta in an sassare masa rassa, don gawon da aka yi wa datsa mai yawa yakan rikice, ya riƙe ganye har cikin damina. In ba ku rubuta datsar ba, wanda ya karanta bayanku zai ɗora wa yanayi laifin gatari.

Sauran itatuwa kowanne da lokacinsa. Gurjiya da jajayen furanni take fitowa tsakiyar hunturu, ba ganye ko ɗaya a jikinta. Mangwaro da hunturu yake fure, ya nuna da bazara. Ɗorawa kan saki furanninta jajaye masu lilo kamar tuntu a ƙarshen sanyi, kafin saukar ruwa an sami garin ɗorawa, an sami kalwar daddawa, an sami makuba ta daɓe. Kaɗanya da farkon damina take zubar da 'ya'ya, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ɗinya sai wajen kaka, magarya da kanya da tsamiya sai an shiga rani.

Kuka ce nake so ku ba lokaci na musamman, don mutane da yawa sun tsufa a gindinta ba su taɓa ganin furenta yana buɗewa ba. Takan fara toho tun iska ta fara laima, wani lokaci kafin ɗigon farko. Bayan ganye sai ka ga wasu ƙulle-ƙulle kore suna lilo a dogon mariƙi. Ka je bayan la'asar sakaliya ka tsaya. Da magariba ta kawo jiki sai ƙullin ya tsage, ɓawon ya naɗe baya, farin fure mai faɗin tafin hannu ya bayyana, da tuntun zare-zare a tsakiyarsa. Da duhu ya yi sai jemagu su zo shan zaƙinsa, suna tashi daga wannan kuka zuwa waccan, garin furen na manne a gashinsu. Ta haka kuka ke samun barbara ta yi 'ya'ya. Washegari furen ya fara yaushi ya yi ja, ba da jimawa ba ya faɗo. Mai jifan jemage da dare bai san da kwalabar kuka yake faɗa ba.

Ruwan farko

Daren da aka yi ruwan kirki na farko, gari yakan sake kama. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Tafkin da jiya yara ke ƙwallo a cikinsa ya cika da kukan kwaɗi har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Yara kan ce daga sama suka faɗo tare da ruwa. A ƙasa suke tun bara, sun binne kansu cikin laka da ramuka, sun rage numfashi da motsi, suna jira. Kukan nan na maza ne masu kiran mata, kuma cikin 'yan kwanaki za ku ga talibambam sun cika bakin ruwa. Gaiwa ma haka take yi, har ta fi. In fadama za ta ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafar shaƙar iska, don tana da huhu. Haka za ta kwana watanni har ruwa ya dawo ya jiƙa ta. Masu haƙo ta da rani sun san wannan sarai.

Shinge kuma daga suri yake fitowa, galibi da yamma bayan ruwa mai ƙarfi. Ya yi ta zagaya fitila, yara su ajiye kwanon ruwa a ƙasa yana faɗawa, da safe tsakar gida duk fukafukai. Waɗannan masu fiffike su ne za su zama iyayen sababbin gidajen gara: su tashi, su sauka, su karya fukafukai, namiji ya bi mace su nemi inda za su haƙa. Kaɗan ne ke tsira, don tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi da mutane duk ranar idinsu ce. Sai kuma ɗan jan ƙwaron nan mai laushin karammiski da ke yawo kan jiƙaƙƙen yashi kwana kaɗan ya ɓace.

A nan akwai gargaɗi. Duk waɗannan alamu suna shaida cewa ruwa ya sauka. Ba su yi alkawarin zai ɗore ba. Manoma nawa ne suka yi shuka a kan ruwan farko, ko suka yi binne kafinsa, sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiro ya ƙone, aka koma neman iri? Don haka lambar da ta fi kowace daraja a littafinku ita ce yawan kwanakin da ke tsakanin ruwan farko da na biyu, da tsawon kowane fari da ya ratsa damina. In kuna da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ku ajiye shi a fili nesa da itace da indararo, bayan kowane ruwa ku tsoma rula ku rubuta milimita nawa ya tara, ku zubar. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana karantawa a rediyo. Ku saurara, ku rubuta abin da aka faɗa game da yankinku, in kaka ta yi ku gwada da abin da gwangwaninku ya nuna.

Masu zuwa da masu tafiya

Mu koma kan shamuwar da ta jawo gardama. Baƙa ce mai farin ciki, in lokacin ƙwai ya yi fatar fuskarta ta yi shuɗi. Tana isowa ƙasarmu a ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙar ƙirare a kan itatuwan cikin gari, sau da yawa sheƙa da dama a itace ɗaya. Ta saba da mutane don mutane ba sa taɓa ta. Abincinta fara da tsutsa da sauran ƙwari, wato ma'aikaciyar gona ce da ba a biya. In 'ya'yanta sun yi fiffike, ruwa ya ɗauke, sai su taru garke-garke su nufi gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Shamuwa ba ta san rani ba. Ruwa take bi, don inda ruwa yake nan fara take.

To, da wanne za a raba dattawan nan? Da abu biyu: ranar da aka ga ta farko, da yawan sheƙar da aka ƙirga a gari cikin watan Yuli. Shekara biyar ana rubuta waɗannan, an fara samun abin faɗa.

Shamuwa na tafiya wasu baƙin na sauka, su kuma daga arewa, daga Turai da Rasha, sun gudo wa sanyin da ke daskarar da ruwa. Daga Satumba zuwa Oktoba suke isowa, su koma wajen Maris da Afrilu. Makiyaya sun san ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa, yana cafke ƙwarin da suka tayar. Nauyinsa bai wuce giram 20 ba, amma Sahara yake ƙetarewa sau biyu a shekara. Kafin ya tashi komawa sai ya yi ta ci har ya tara kitse, shi ne guzurinsa.

Wanda ke son ganin waɗannan baƙi da yawa, dausayin Haɗeja da Nguru ne wurin zuwa, a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe mai gangarawa tafkin Chadi. Ambaliya kan cika fadamun a ƙarshen damina, ta ja da baya sannu a hankali cikin rani, kuma rayuwar yankin duka a kan wannan hawa da sauka take: shinkafa, su, noman rani, kiwo, kowanne da lokacinsa. Da hunturu, a Baturiya ko a Dagona kusa da Gashuwa, za ka ga 'yan gida irin su kirinjijiya da zalɓe da belbela sun cakuɗe da baƙi: ƙaramar agwagwar ruwa wadda namijinta ke da farin layi a kan ido, da wani mai dogayen ƙafafu da ke sauka dubu-dubu a gonakin shinkafa bayan girbi yana tsintar abin da ya zube. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga.

Wurin ya sake ƙwarai a zamanin mutanen da ke raye yau. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka ya canza. Inda da ƙasa kan bushe ta huta, yanzu wasu wurare ruwa ba ya janyewa, sai ciyawar kachalla ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama makwancin tsuntsun jan baki mai cinye hatsi. Masunci ko manomin shinkafa da zai riƙa rubuta ranar da ruwa ya iso wani turke da ya kafa, da ranar da ya bar shi, yana tara hujjar da za a iya ajiyewa a gaban hukuma ranar da ake maganar sakin ruwa.

In kun tarar da tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, masu bincike ne suka sa masa don a san inda yake zuwa. Ku kwafe lamba da rubutun da ke jiki daidai, da rana da wuri, ku kai wa ma'aikatan gandun daji. A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos da ke tattara irin wannan bayani.

Namun daji masu ƙafa huɗu ba su da saurin ganuwa, amma ruwa na tona su. A Yankari ta jihar Bauchi, ƙarshen rani ne lokacin da aka fi ganin giwaye da ɓauna da gwanki, don ciyawa ta kwanta, tafkuna sun ƙafe, kowa ya gangaro kogin Gaji. Haka abin yake a ƙaramin tafkin bayan garinku. Ku je da sassafe kafin shanu su tattake bakin ruwa, ku duba sawu a kan taɓo: zomo, dila, bushiya, guza, zabin daji. Sawun da aka saba gani aka daina, shi ma labari ne, a rubuta shi.

Yadda ake riƙe littafin

A gabashin Ingila an yi wani manomi mai suna Robert Marsham. A 1736 ya fara rubuta ranar da itatuwan gonarsa ke toho, da ranar da ya fara ganin tsattsewa, da ranar da kwaɗi suka fara kuka, alamu 27 duka. Da ya rasu 'ya'ya da jikoki suka ci gaba, har 1958. Sama da shekara ɗari biyu gida ɗaya na cika littafi ɗaya, kuma masana yanayi sun dawo sun yi aiki da shi wajen gane yadda ɗumi ke sa toho ya yi sauri. Abin da ya fara da shi bai fi abin da ke hannunku yanzu ba.

Ku sami ƙaramin littafi na musamman, kada a haɗa shi da na lissafin bashi. Ku zaɓi wuri ɗaya da rana ɗaya a mako, misali kowace Juma'a da safe, ku bi hanya ɗaya, ku duba itatuwa ɗaya. Wanda yau ya duba kukar gabas gobe ta yamma ba zai iya gwada komai ba. Kowane rubutu ya fara da kwanan wata da wuri. Gani ya kori ji, saboda haka abin da kuka gani da ido ku rubuta "na ga", abin da aka faɗa muku ku rubuta "an ce". Ku ƙirga in abin na ƙirguwa ne. "Da yawa" na wani "kaɗan" ne a wurin wani. Ranar da kuka je ba ku ga komai sabo ba, ku rubuta hakan, don shi zai nuna cewa kun duba. Ga misalin yadda shafi zai kasance:

Juma'a, 16 ga Mayu. Fadamar bayan gari. Gawon gonar liman ya fara zubar da ganye. Na ga shamuwa 6 a kan rimi, biyu na ɗauko ƙirare. Tafki a bushe. An ce an yi ruwa a ƙauyen kudu da mu.

Juma'a, 23 ga Mayu. Ruwa daren Laraba, milimita 18. Shinge ya fito. Kwaɗi na kuka. Tafasa ta tsiro a bakin hanya. Gawo saura ganye kaɗan a ƙasa-ƙasa.

Wanda hannunsa bai faɗa da boko ba tukuna ya rubuta da ajami, ko ya zana, ko ya manna ganyen a shafin. Mai waya ya ɗauki hoton itacen daga wuri ɗaya kowane wata. Iyayenmu mata da ba sa fita daji, littafinku ba zai gaza na kowa ba: akwai darbejiya ko zogalen tsakar gida, akwai ranar da sauro ya fara yawa, ranar da raɓa ta fara sauka, ranar da man kaɗe ya daskare don sanyi, ranar da 'yan talla suka fara shigowa da tumu ko ɗinya ko fara. Mace mai lura da abin da ke shigowa gida ta ƙofa tana karanta dajin ne daga zaune.

A kula da lafiya. Kada a shiga dajin da ba a amince da tsaronsa ba, kada a tafi nesa mutum ɗaya. Da bazara da farkon damina macizai da kunamu na fitowa, a sa takalmi, kada a tura hannu cikin rami ko kogon itace. Gandun gwamnati sai da izinin ma'aikatansa. Sheƙa kuma da ido ake ƙirga ta daga ƙasa.

Aiki

1. Ku faɗi dalilai uku da suka sa hatsi ke yin kyau a gindin gawo, kowa da kalmominsa, sannan ku rubuta su.

2. Me ya sa kwanan watan Musulunci shi kaɗai ba zai isa a gwada saukar damina ta bana da ta shekara goma baya ba?

3. An yi ruwan farko ranar 21 ga Mayu, na biyu ranar 9 ga Yuni. Kwana nawa ke tsakani? Wanda ya shuka gero a jigawa washegarin ruwan farko, me kuke zaton zai tarar? Ku tattauna da manoman ajin.

4. Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta sami tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a unguwa, ku gaishe su, ku tambaye su itatuwa da tsuntsaye da namun dajin da suka sani da ƙuruciya waɗanda yanzu ba a gani, da inda ake samunsu a da. Ku rubuta sunayen yadda suka faɗa, kowanne da "an ce" a gabansa.

5. Kowa ya zaɓi itacensa kafin zama na gaba. Ku zo da littafi, shafin farko ɗauke da sunan itacen, da inda yake, da kwanan wata, da yadda kuka same shi a ranar: da ganye ko babu, da fure ko babu, da abin da kuka tarar a kansa ko a gindinsa.